Hanyoyin da Suka Haɗa Ƙaramar Ƙwaƙwalwa da Yankunan Shirya Motsi a Ƙwaƙwalwar Birai da Ɗan'adam

1.0 Gabatarwa

Idan tela zai zura zare a kafar allura, akwai abubuwan da suke kammala tun kafin hannunsa ya motsa. An zaɓi hannun da zai riƙe zaren, an kintaci nisan allurar, an tsara yatsan da zai fara da wanda zai biyo baya, an kuma tsai da lokacin da za a soma. Duk wannan aiki na ɓoye shi ne muke nufi da shirya motsi, kuma ya sha bamban da zartar da motsin kansa.

Shekaru da dama ana koyar da cewa shiri aikin babbar ƙwaƙwalwa ne ita kaɗai, ita kuwa ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke can wajen ƙeya sai an ba da umurni take shigowa ta daidaita hannu kada ya karkace. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa binciken da aka yi a kan birai ya sauya wannan fahimta. Akwai hanyoyi tabbatattu da suka taso daga ƙaramar ƙwaƙwalwa suka isa yankunan da ake shirya motsi, kowace hanya da inda ta faro da inda ta nufa, kuma kowace tana komowa inda ta fito. Za mu fara da fasalin sassan, sannan mu bi hanyar zuwa da ta dawowa, daga bisani mu duba abin da wannan yake nufi ga majiyyaci.

2.0 Sassan da Ake Magana a Kansu

2.1 Ƙaramar Ƙwaƙwalwa

Nauyin ƙaramar ƙwaƙwalwa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na ƙwaƙwalwa baki ɗaya ba. Amma ƙidayar da Herculano-Houzel da abokan aikinta suka buga a 2009 ta nuna cewa daga cikin ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86 da ke ƙwaƙwalwar mutum, kimanin biliyan 69 a cikinta suke. Tana da ɓawo mai ninke-ninke, wanda masana suka raba ɓangarori goma suka lakaba musu lambobin Rumawa daga I zuwa X. A cikin ɓawon nan ne ake samun manyan ƙwayoyin da Purkinje ya bayyana a 1837, waɗanda ake kira da sunansa, kuma ta kansu kaɗai saƙo yake fita daga ɓawon. Masao Ito na Japan ya gano a 1964 cewa aikin waɗannan ƙwayoyi dannewa ne, watau rage kuzarin ƙwayar da suka aika wa saƙo.

Ƙwayoyin da suke dannewa suna tare ne a cibiyoyi uku da ke binne a kowane gefe na ƙaramar ƙwaƙwalwar biri. Babbar cikinsu, wadda ta fi kusa da gefe, ita ce cibiya mai haƙora, wadda aka raɗa wa wannan suna saboda bakinta ya yi kama da jerin haƙora. Ta fi bunƙasa a birai da mutum, kuma ita ce mafi yawan bayaninmu zai shafa.

2.2 Yankunan Motsi na Babbar Ƙwaƙwalwa

Tun a 1870 Fritsch da Hitzig suka nuna a Jamus cewa in aka taɓa wani wuri a ɓawon ƙwaƙwalwar kare da lantarki, gaɓoɓin ɗaya gefen jikinsa sai su motsa. A taswirar da Brodmann ya zana a 1909, wannan wuri shi ne yanki na 4, watau babban yankin motsi. Gabansa akwai yanki na 6, wanda yake kashi biyu. Kashin da ke gefe shi ne yankin share fage, yana da rabin sama da rabin ƙasa. Kashin da ya leƙa cikin tsagar da ta raba ƙwaƙwalwa biyu shi ne yankin ƙari, wanda Penfield da Welch suka bayyana a 1951. A 1992 Matsuzaka da Aizawa da Tanji suka nuna cewa gaban yankin ƙari akwai wani yanki dabam, za mu kira shi magabacin yankin ƙari. Shi wannan ba ya aika zaruruwa masu yawa zuwa laka, amma yana da alaƙa mai ƙarfi da ɓawon goshi, inda yanki na 9 da na 46 suke, waɗanda ake dangantawa da riƙe bayani na ɗan lokaci da yanke shawara.

Dalilin kiran waɗannan wurare yankunan shiri ya fito ne daga gwaji. Akan koya wa biri ya ga alamar inda zai kai hannu, amma ya dakata sai an kunna wata fitila. Weinrich da Wise sun nuna a 1982 cewa a cikin wannan dakon, alhali hannu yana ajiye, ƙwayoyi da yawa na yankin share fage suna ta aiki, kuma aikin nasu ya dogara da ɓangaren da hannun zai nufa. A 1994 kuma Tanji da Shima suka sami ƙwayoyi a yankin ƙari waɗanda ba sa tashi sai biri yana shirin yin motsi uku a bisa wani jeri takamaimai, in an sauya jerin sai su yi shiru.

3.0 Alamun Farko

Flourens na Faransa ya cire ƙaramar ƙwaƙwalwar tattabaru, ya kuma ba da rahoto a 1824 cewa ba su shanye ba, sai dai motsinsu ya rasa tsari. Daga nan ne ra'ayin daidaitawa ya samo asali. To amma Gordon Holmes, likitan da ya duba sojojin Ingila da harsashi ya sama a ƙeya lokacin Yaƙin Duniya na Farko, ya lura da wani abu a rahotonsa na 1917. Hannun da ke gefen raunin yakan yi jinkirin fara motsi idan aka kwatanta shi da mai lafiyar. Jinkirin farawa kuwa matsala ce da ke aukuwa tun kafin a sami abin da za a daidaita.

Gwajin birai ya ƙarfafa wannan. A 1975 Thach ya saurari ƙwayoyin cibiya mai haƙora da na yanki na 4, ya ga cewa da yawa daga na cibiyar suna sauya aikinsu kafin na yanki na 4, ko da yake lokutan nasu sun shiga juna ƙwarai. A 1977 Meyer-Lohmann da Hore da Brooks, a Kanada, suka sanyaya cibiyar da ɗan bututu don su dakatar da aikinta na wucin gadi. Sai ƙwayoyin yanki na 4 suka makara wajen tashi, hannu ma ya makara. Da aka bar cibiyar ta koma ɗuminta sai komai ya koma daidai. Tun a 1974 Allen da Tsukahara suka kawo shawarar cewa gefen ƙaramar ƙwaƙwalwa yana cikin masu shirya motsi, tsakiyarta kuwa tana gyara shi yana cikin tafiya. Abin da ya rage shi ne a nuna hanyar a zahiri.

4.0 Matsalar Zango da Yadda Aka Warware Ta

Babu zare ko ɗaya da ya taso daga ƙaramar ƙwaƙwalwa ya isa ɓawon babbar ƙwaƙwalwa kai tsaye. Zaruruwan cibiya mai haƙora suna fita ta igiyar sama, su tsallaka zuwa ɗaya gefen a tsakiyar ƙwaƙwalwa, su ya da zango a talamus. Daga nan wata ƙwaya dabam take ɗaukar saƙon ta kai ɓawo. Magungunan rini da masana suke amfani da su a shekarun 1970 da 1980 kuwa ba sa tsallake mahaɗar da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya. Saboda haka sai a rina hanyar cibiya zuwa talamus a biri ɗaya, a rina ta talamus zuwa ɓawo a wani, sannan a ɗora taswira a kan taswira a ga ko sun haɗu. Da yake iyakokin talamus suna da wuyar tantancewa, kuma kowane masani da sunayen da yake ba su, an daɗe ana saɓani.

Ta wannan hanya ce Schell da Strick suka ba da rahoto a 1984 cewa yanki na 4 da rabin ƙasa na yankin share fage suna samun saƙo daga sashen talamus da ƙaramar ƙwaƙwalwa take ciyarwa, shi kuwa yankin ƙari daga sashen da cibiyoyin gindi suke ciyarwa. Cibiyoyin gindi wasu tarin ƙwayoyi ne a can cikin babbar ƙwaƙwalwa, su ne cutar Parkinson take lalata aikinsu. An daɗe ana ɗaukar wannan rabo a matsayin ƙa'ida.

Mafita ta zo daga inda ba a zata ba, watau ƙwayoyin cuta masu bin jijiya. Peter Strick da abokan aikinsa a Amurka, da farko a Syracuse daga baya a Jami'ar Pittsburgh, sun fara da ƙwayar cutar nan mai feso ƙuraje a leɓe bayan zazzaɓi, sannan suka koma ga ta haukan kare. Ita ta haukan kare tana da halin da ya dace da aikin, domin tana shiga ta bakin zare ta koma baya zuwa uwar ƙwayar, ta hayayyafa, ta tsallaka mahaɗa zuwa ƙwayar da ke aiko wa wannan saƙo. In aka ɗiga ta a wani yanki na ɓawo, sai ta fara bayyana a talamus, sannan a cibiya mai haƙora, sannan a ƙwayoyin Purkinje. Yawan kwanakin da aka bar ta shi ke nuna yawan zangon da ta ci. Ta haka aka iya bin hanya guda daga ƙarshenta zuwa mafarinta a cikin dabba ɗaya, gani kuwa ya kori ji.

5.0 Taswirar Cibiya Mai Haƙora

Sakamakon farko da ya ja hankali shi ne na Middleton da Strick a 1994. Sun ɗiga ƙwayar cuta a yanki na 46 na birin sebus, wani ƙaramin biri na Kudancin Amurka, sai ta fito a cibiya mai haƙora. Wannan ya gaskata hasashen Leiner da Leiner da Dow na 1986, cewa bunƙasar wannan cibiya a mutum tana da nasaba da bunƙasar ɓawon goshi.

A 2003 Dum da Strick suka tattara gwaje-gwaje masu yawa, suka shimfiɗa cibiyar a takarda kamar yadda ake shimfiɗa fata. Sai ta fito kashi biyu. Kashin sama yana aikawa ga yankunan motsi. A cikinsa akwai gungun ƙwayoyi na ƙafa da na hannu da na fuska masu zuwa yanki na 4, kuma gungun hannu mai zuwa yankin share fage yana maƙwabtaka da gungun hannu mai zuwa yanki na 4. Kashin ƙasa yana aikawa ga ɓawon goshi da wani sashe na ɓawon bayan kai mai kula da inda abubuwa suke.

A 2007 Akkal da Dum da Strick suka koma kan yankin ƙari, suka gyara rahoton 1984. Sun sami cewa yankin ƙari da magabacinsa duka suna samun saƙo daga ƙaramar ƙwaƙwalwa, ko da yake rabon cibiyoyin gindi ya fi yawa. Abin lura shi ne mafarin hanyoyin biyu ba ɗaya ba ne. Ta yankin ƙari daga kashin sama na cibiyar ta taso, kusa da sauran gungun hannu, ta magabacinsa kuwa daga kashin ƙasa, wajen masu zuwa ɓawon goshi.

Masanan Japan, Hashimoto da Hoshi da abokan aikinsu, sun sami irin wannan tsari a 2010 a rabin sama na yankin share fage na birin makak. Sashensa na baya, mai kusa da yanki na 4, yana samun saƙo daga kashin sama na cibiyar. Sashensa na gaba, mai kusa da ɓawon goshi, yana samu daga kashin ƙasa, kuma in aka ƙara bin hanyar baya sai a isa ɓawon gefe na ƙaramar ƙwaƙwalwa, wajen da ake kira Kurus na I da na II.

In aka haɗa waɗannan sakamako sai a ga ƙa'ida guda. Gwargwadon kusancin yanki da zartar da motsi, gwargwadon yadda mafarin saƙonsa yake sama a cibiyar. Gwargwadon kusancinsa da zaɓi da yanke shawara, gwargwadon yadda mafarin yake ƙasa. Watau rabon aikin da ke ɓawon babbar ƙwaƙwalwa daga goshi zuwa baya yana da takwaransa a cibiya mai haƙora daga ƙasa zuwa sama.

6.0 Hanyar Dawowa

Babbar ƙwaƙwalwa ma tana aikawa ga ƙarama, ita ma ta zango. Zaruruwa suna saukowa daga ɓawo zuwa gadar ƙwaƙwalwa da ke saman laka, daga nan wasu ƙwayoyi su tsallaka ta igiyar tsakiya su shiga ɓawon ƙaramar ƙwaƙwalwa na ɗaya gefen. An ƙiyasta zaruruwan da ke saukowa gadar a mutum sun kai miliyan 20 a kowane gefe, alhali waɗanda suka wuce zuwa laka don motsa gaɓoɓi kimanin miliyan ɗaya ne. Per Brodal na Norway ya zana taswirar wannan hanya a birin makak a 1978.

Tsohon ra'ayi ya ɗauki tsarin kamar mazurari, ana zuba bayani daga ko'ina, ya fito ta baki ɗaya zuwa yanki na 4. Kelly da Strick sun jarraba wannan a 2003. Sun yi amfani da ƙwayar haukan kare don bin hanya baya, da wani nau'in ƙwayar ƙurajen leɓe mai tafiya gaba. Sai suka ga ɓangarorin da ke aikawa ga yanki na 4, galibi na IV zuwa na VI, su ne kuma suke karɓa daga gare shi. Haka Kurus na II yake aikawa ga yanki na 46, yake kuma karɓa daga gare shi. Hanyoyin biyu ba su gauraya ba. Kowace zobe ce mai zaman kanta, saƙo ya fita daga yanki, ya ratsa nasa kason na ƙaramar ƙwaƙwalwa, ya komo gida.

Tsallakawar da zaruruwa suke yi tana warware wani abu da yakan rikita ɗalibai. Ƙaramar ƙwaƙwalwa ta dama tana hulɗa da babbar ƙwaƙwalwa ta hagu, ita kuma ta hagu gaɓoɓin dama take motsawa. Shi ya sa raunin ƙaramar ƙwaƙwalwa yake bayyana a gefen jikin da raunin yake, kamar yadda Holmes ya gani.

Har ila yau an gano cewa ƙaramar ƙwaƙwalwa da cibiyoyin gindi suna da nasu hanyoyin da ba su bi ta ɓawo ba. Hoshi da abokan aikinsa sun nuna a 2005 cewa cibiya mai haƙora tana aikawa ga cibiyoyin gindi ta talamus, Bostan da Dum da Strick kuma suka nuna hanyar komowa a 2010.

7.0 Abin da Ke Bin Hanyar

Taswira tana nuna inda hanya ta bi, amma sanin kayan da ake ɗauka a kanta sai an tsaya an ga masu wucewa. Shaidun da ke hannu sun fi karkata ga lokaci da kintace. A Jami'ar Hokkaido, Ohmae da Kunimatsu da Tanaka sun koya wa birai su juya ido bayan wani ɗan lokaci da su da kansu za su auna, ba tare da alama ba. Rahotonsu na 2017 ya nuna ƙwayoyin cibiya mai haƙora suna ƙara kuzari sannu a hankali kafin idon ya juya, kuma yanayin ƙaruwar yana tafiya da lokacin da birin zai motsa. A Jami'ar Ibraniyanci ta Ƙudus, Nashef da Prut da abokan aikinsu sun toshe igiyar sama na wucin gadi da lantarki mai saurin bugu. Sai birai masu lafiya suka nuna alamun cutar ƙaramar ƙwaƙwalwa, watau jinkirin farawa da rashin jituwar kafaɗa da gwiwar hannu, ƙwayoyin ɓawon motsi kuma suka rasa tashin gaggawar da suke yi a farkon motsi. An buga wannan a 2019.

Gwajin ɓeraye ya ƙara haske. Gao da abokan aikinsa sun nuna a 2018 cewa in aka dagula wata cibiya ta ƙaramar ƙwaƙwalwa a lokacin dako, aikin shiri da ke gudana a ɓawon gaba sai ya wargaje, ɓeran ya zaɓi ɓangaren da ba shi ne ba, alhali in ya tashi motsin yana yin sa lafiya lau. A mutum kuwa, Kornhuber da Deecke sun gano a 1965 wani lantarki da ke taruwa a saman kai kimanin sakan ɗaya ko fiye kafin mutum ya motsa yatsa da nufin kansa, wanda yankin ƙari yake cikin masu haifar da shi. Ikeda da abokan aikinsa sun ba da rahoto a 1994 cewa wannan lantarki ya ɓace a wani majiyyacin da hanyar fita ta ƙaramar ƙwaƙwalwarsa ta lalace.

8.0 Amfanin Wannan ga Likita da Majiyyaci

Sanin waɗannan hanyoyi ya sauya yadda ake duban marasa lafiya. A 1998 Schmahmann da Sherman suka bayyana majiyyata 20 masu raunin ƙaramar ƙwaƙwalwa, da yawansu suna da matsalar tsara aiki da sauya dabara da zaƙulo kalmomi, musamman waɗanda raunin ya shafi ɓangarorin baya. Irin wannan majiyyaci yana iya wuce gwajin taɓa hanci da yatsa, a sallame shi a ce ya warke, alhali ba ya iya tsara aikin yininsa. Hotunan ƙwaƙwalwar mutane 1,000 da Buckner da abokan aikinsa suka nazarta a 2011 sun nuna cewa mafi yawan ƙaramar ƙwaƙwalwar mutum da yankunan tunani take aiki tare, ƙaramin kaso ne na yankin motsi.

Haka kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yaran da aka cire wa wani mugun ƙari mai fitowa a tsakiyar ƙaramar ƙwaƙwalwa sukan daina magana kwana ɗaya ko biyu bayan tiyata, na tsawon makonni ko watanni. Ana danganta wannan da lahanin da ya sami cibiya mai haƙora ko igiyar sama, shi ya sa likitocin tiyata suke ƙoƙarin kauce musu.

Hanyar ta zama wurin magani kuma. Tun 1987 Benabid ya fara dasa waya a sashen talamus da ƙaramar ƙwaƙwalwa take ciyarwa, a Grenoble ta Faransa, don kwantar da makyarkyatar hannu. A 2023 masana a Cleveland ta Amurka suka ba da rahoton gwajin farko a kan mutane 12 masu shanyewar ɓarin jiki, inda aka dasa waya a cibiya mai haƙora don ta zaburar da ɓawon da ya tsira, tare da horon motsa hannu.

9.0 Kammalawa

Mun ga cewa saƙon ƙaramar ƙwaƙwalwa yana isa yankin share fage da yankin ƙari da magabacinsa da ɓawon goshi, ta cibiya mai haƙora da talamus, kowane da nasa gungun ƙwayoyi. Mun ga kuma cewa inda aka bi hanyar zuwa da dawowa, kamar a yanki na 4 da na 46, zobe aka samu. Fasalin ɓawon ƙaramar ƙwaƙwalwa kusan iri ɗaya ne daga wannan gefe zuwa wancan, saboda haka bambancin aikin ɓangarorinta daga abokin hulɗarsu yake zuwa. Wanda aka ɗaura wa yanki na 4 yana daidaita hannun tela yana cikin tafiya, wanda aka ɗaura wa yanki na 6 ko na 46 kuwa yana cikin masu tsara tafiyar tun hannun yana ajiye. Ya kamata masu koyar da ilmin jiki su shigar da wannan cikin darasi, likita kuma in ya duba mai raunin ƙeya ya gwada yadda yake tsara aiki kamar yadda yake gwada tafiyarsa.